Raka'a Biyu a Ɗakin Gwaggo

Zuwa ga ƙanwata Manaja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yaran, da ofis ɗin nan naku da ba a barinsa ko na wuni guda. Mu ma nan sai godiya. Gwiwata ta hagu ce ke ɗan yi mini gardama idan zan tashi daga zama, amma ba abin rubutawa ba ne.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Na gwada waya, kin sani. Duk sanda na kira, ko kina cikin taro, ko yanzu za ki shiga, ko ki ce in faɗi da sauri. Ni kuwa ban iya da sauri ba. Ga kuma kunnen Gwaggo. Tun da ido ya tafi kunne ya karɓi aikinsa. Ko a bakin famfo na yi raɗa, ina dawowa za ta tambaye ni da wa nake gulmarta. Direban motar kaya da ke haya a ɗakin ƙofar gida garinku yake kai kaya, ya ce zai miƙa miki wannan a ofis. Ki ba shi amsa a hannu.

Maganar idon Gwaggo ce. Na dama kin san ya daɗe da mutuwa. Na hagun da take ɗan ganin hasken taga da shi, yanar da ke kansa ta nuna har ta wuce. Na kai ta asibiti, likitan ido ya duba ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in fito waje. Ya ce in ba a cire ba nan kusa, shi ma zai bi ɗan'uwansa, kuma in ya bi ba ya dawowa. Aikin ba mai tsawo ba ne. Jinyar bayansa ce ke son mutum a kusa na kamar mako: ɗiga magani a kan lokaci, hana ta sunkuyawa, hana hannunta kai wa idon.

Na ce mata ga ni, ai ni nake yi dama. Ta ce ba wanda zai sa mata wuƙa a ido sai Auta tana zaune a gefenta, kuma ta zauna har a gama jinya. Har yau Auta take ce miki, ba ta san an yi miki ƙarin girma ba. Ni 'yar wanta ce, jininta, tun rasuwar maigidana nake ɗakin da ke kusa da nata. Ke kuwa sai an baje kakanni a tabarma kafin a gano inda muka haɗu. Amma ke ta goya, ke ta yi wa kitso, kuma ban ga laifinta ba.

Na san abin da za ki ce, don na sha ji. Za ki ce ai garinku da namu tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna a jirgi. Shekara da shekaru kina faɗin wannan awar, har na haddace ta. Ban dai taɓa ganin ta shigo ta ƙofar gidan nan ba. Direba ya ce shi kwana yake yi a hanya, wataƙila shi ya sa muke ganinsa duk mako.

Ki rubuto mini abu ɗaya: za ki zo ki zauna, ko a'a. In a'a ne, ki faɗa, in san irin lallashin da zan yi.

Yayarki.

*

Yaya Malama,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, kowa lafiya. Ki riƙa shafa wa gwiwar wani abu, kada ki tsaya ga addu'a kaɗai.

Direbanku ya tsaya mini a ƙofar ofis da takarda a ninke kamar laya, har masu gadi suna dariya. Yaya, duniya ta wuce nan. Amma tunda haka kike so, ga amsa, na sa an buga miki da manyan baƙaƙe.

Ban san me ya sa kike jin haushin jirgi ba, alhali ko filinsa ba ki taɓa shiga ba. Tsakaninmu da ku a sama bai kai kilomita ɗari tara ba. Hanyar mota ce ke zagaye-zagaye kamar mai neman bashi. In na karya kumallo a gidana, kafin ki gama karatun safe da matan nan naki ina ƙofar gidanku. Akwai unguwanni a garin nan da zuwa cikinsu da yamma ya fi zuwa wajenku cin lokaci. Saboda haka ki daina yi mini magana kamar wadda ta yi hijira.

Ki je ki karɓi rana a asibiti, ki aiko mini. Ki gaya wa Gwaggo Autarta na zuwa, kuma ina tare da ita har a gama komai. Kada ki ƙara mata tsoro da irin fuskar nan taki ta ta'aziyya, ko da yake ba gani take yi ba.

Ki gaida matan makaranta.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, baƙaƙen kuwa manya ne, na gode da tunawa da tsufana. Gwaggo ta yi ɗan tari kwana biyu, ya tafi.

An ba mu Laraba ta sama. Da safe za a shiga da ita, ba ci ba sha kafin nan.

Na karanta wa Gwaggo layinki. Na tsallake na fuskar ta'aziyya, wannan nawa ne, na ajiye. Amma inda kika ce kina tare da ita har a gama komai, na karanta mata yadda yake, ban ƙara wasali ba. Ta sa na maimaita. Sannan ta tambaye ni ko komai ɗin nan har da jinya. Na ce ni dai abin da ke kan takarda na karanta. Ta ce ai komai komai ne, Auta ba ta yi mata rowar magana.

Tun ranar gidan bai huta ba. Ta sa an fito da katifarki ta da an shanya, an saka a ɗakinta, gefen gadonta, don ta ce a nan za ki kwana. Ta sa na wanke labulen da ba ta gani. Ta lalubo makullin akwatinta ta fito da zanen gadon da take ɓoyo tun ban san yaushe ba. Matan da nake koya wa karatu a falo na ce su huta mako guda, don kada hayaniyarsu ta dame ki. Na san kunnenku na masu ofis ba ya son ƙarar talaka.

Kin ce ban taɓa shiga filin jirgi ba. Gaskiya ne. Ban kuma yi musun cewa yana da sauri ba. Abin da na lura kawai, tun da kika gano gidan nan kusa ne kika daina zuwa. Da can da kike shigo motar haya ƙafa a kumbure, kikan yi mana mako biyu.

In akwai wata ma'ana a cikin komai ɗin nan da ban gane ba, ki aiko kafin Laraba. Direba zai taso daga wajenku ranar Asabar.

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayarki.

*

Yaya Malama,

Na iso gida lafiya, in kin damu ki sani.

Ban yi miki magana a gaban Gwaggo ba don ina ganin girmanki, amma a takarda zan faɗa. Abin da kika yi bai dace da mai karantar da mutane ba.

Na bar aiki, na bar yara, na zo ranar Talata kamar yadda na yi alkawari. Gwaggo ta rungume ni tana shafa fuskata tana kuka, ta ce na rame. Muka yi hira, ta ci abinci a hannuna. Da yamma sai na ga ta yi shiru, na ɗauka tsoron aiki ne. Gari ya waye, mota na jira a waje, na ɗauko mata mayafi, sai ta juya fuska bango ta ce ta fasa. Na roƙe ta, na durƙusa mata, ke kuwa kina tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu kamar an dasa ki. Ba ki sa baki ba ko sau ɗaya. Muka rasa ranar, likita ya sa wani a gurbinta.

Na san abin da ya faru. Tikitina na komawa yana cikin aljihun jakata, jakar kuma a ɗakinki na ajiye ta. Kin buɗe, kin ga ranar Alhamis, kin je kin raɗa mata. Ba wanda ya san da tikitin nan sai ni da sakatariyata. Kin daɗe kina jin zafin cewa ke ke wanki da shara amma ni take kira, to ga shi kin rama. Sai dai da idonta kika rama, ba da ni ba.

Ba sai kin ba direba amsa ba in wa'azi ne a ciki.

Ƙanwarki.

*

Manaja,

Assalamu alaikum. Na bar direba ya yi sawu biyu ban ba shi komai ba, don ba na son in rubuta da zafi. An koya mana kada mai fushi ya yanke hukunci. Yanzu na huce daidai gwargwado. Muna lafiya. Gwaggo na cin abinci, amma ta ce hasken taga ya fara yi mata kamar ana rage fitila, kuma idon na yi mata nauyi da rana.

Ban taɓa jakarki ba. Na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora a kan kujera don zan yi shara, iyakar abin da ya haɗa ni da ita ke nan. Ban san da tikitin Alhamis ba sai a takardarki. Na gode da kika gaya mini da kanki.

Ke kika gaya wa Gwaggo, kuma a ɗakinta.

Ki tuna, kin iso azahar ta ɗan gota. Kika ce in ba ki sallaya, kika shimfiɗa a ƙasan gadonta. Tana zaune da carbi, tana murmushi, tana jin ƙarar awarwaronki duk sanda kika ɗaga hannu. Ina ninke kaya a gefe. Kika yi raka'a ta farko, kika yi ta biyu, kika zauna tahiya. Muna jiran kabbarar tashi, sai muka ji sallama. Na dubi hannun Gwaggo, carbin ya tsaya. Ina jin ta yi miki uzuri, ta ce a ranta ko mantuwa ce ta gajiyar hanya. Da la'asar ta yi kika sake yin biyu, kika naɗe sallaya kina ba ta labarin sabuwar motar maigidanki.

Da na kai ta alwalar magariba, ta riƙe mini hannu a bakin famfo ta ce, "Malaminku ya canja karatu ne bayan na daina ji?"

Na ce wane karatu, Gwaggo.

Ta ce, "Mai niyyar kwana huɗu a wuri ba ya kasaru. Yarinyar nan ba zama ta zo yi ba."

A zaure ɗaya muka yi karatun nan ni da ke, Gwaggo ke kai mu ta tsaya a bayan ƙofa tana saurare. Kin san hukuncin sarai, shi ya sa kika yi biyu. Kin san ba za ki kai kwanakin ba, kin ji tsoron ki tsaya gaban Ubangiji da niyyar da ba taki ba. Madalla da wannan, ban raina ba. Sai dai tsoron bai kai ga tsohuwar da ke zaune taku ɗaya daga sallayarki ba. Ita an ce mata har a gama komai.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ci mata rai, ko da yake sai bayan tafiyarki ta furta. Ta ce a ɗakin nan kika yi rarrafe, a ɗakin nan ta koya miki Fatiha, yau kuma a cikinsa kike sallar baƙo. Ni ban shiga wannan ba, malamai sun yi maganganu a kai, kuma gidanki yanzu can ne. Amma kin sha gaya mana nan da can ba tafiya ba ce, unguwa ce da unguwa. Da aka zo wajen rage salla sai ta zama tafiya cikakkiya.

Kin ce na tsaya da buta ban sa baki ba. Me zan ce? In ce mata za ki zauna, alhali na ji abin da ta ji? Ban iya ba. In wannan ne laifina, na ɗauka.

Na koma wajen likita ni kaɗai. Bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce layinsa ya cika har wata mai zuwa ya wuce, kuma ba ya ba ni tabbacin idon zai jira. Ya ba da wani maganin ɗigawa na rage nauyin. Ina ɗiga mata. Katifarki na nan inda take, ta hana a ɗauke.

Ba wa'azi ba ne wannan. Kin yi zargi, na ba ki amsa.

Yayarki.

*

Yaya,

Na karanta. Maganar jaka na janye, ki yafe ni.

Amma ku ma ba ku yi mini adalci ba, ke da ita. Da kun tambaye ni da na gaya muku. Taro ne da ba zan iya kaucewa ba ranar Alhamis. Niyyata in ga an yi aikin Laraba, in bi jirgin safe ranar Alhamis, in dawo muku Juma'a ko Asabar, in sake komawa, in sake dawowa. Haka nake tafiyar da rayuwata, kuma haka mutane da yawa ke yi yanzu. Ba ƙarya na yi ba da na ce ina tare da ita. Ku a wajenku in mutum bai shimfiɗa katifa ya kwanta kamar mai jego ba, bai zo ba. Mutum biyu a ɗaki suna ƙirga mini raka'a, ba wadda ta buɗe baki.

Yanzu ba lokacin wannan ba ne. Na yi magana da wani likitan ido a nan, ya ga takardunta da na ɗauki hotonsu, ya ce zai yi mata cikin mako mai zuwa in an kawo ta. Asibitin ya fi naku nesa ba kusa ba, ba a zama a benci tun safe. A kawo ta nan. In tana gidana ba maganar tafiya, kullum da yamma ina dawowa. Za a tura ta a kujera mai taya har ƙofar jirgi, kafin ta gama carbi ɗaya an sauka.

Na san za ki ce a'a kafin ki gama karantawa. Ki dai gaya mata.

Ƙanwarki.

*

Manaja,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yafe maganar jaka, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Kin yi gaskiya, na ce a'a kafin in kai ƙarshe. Na zauna a falo ina ta jero dalilai. Matar da ba ta taka matakala sai na ƙirga mata. Matar da ba ta shiga bayin da ba ta san bangonsa ba. Awarki ɗaya ba ta haɗa da motar zuwa fili, da zaman jira, da mutanen da za su laluba mata jiki, da hawa benenku da kika ce sai an shiga wani akwati ya ɗaga mutum. Ba ta haɗa da wunin da za ta yi ita da 'yar aikinki da ba ta san ko sunanta ba, kina can kina taro. Ke awar sama kawai kike ƙirgawa, don ita ce kaɗai ba a tambayarki komai a cikinta.

Na yi niyyar in ninke takardar in sa a ƙarƙashin allo in yi shiru. Na kwana biyu a haka. Amma saƙo amana ne, kuma ido nata ne ba nawa ba. Na karanta mata duka, har da mai jegon.

Ta yi dariya a wajen mai jegon, dariyar da na daɗe ban ji ba. Sannan ta tambaye ni ko a gidan naki akwai inda za a sa katifa. Na ce ban taɓa zuwa ba, ba a taɓa gayyatata ba. Na fara jero mata dalilaina ɗaya bayan ɗaya, ta bar ni har na gama. Sai ta ce, "Tunda ita ba ta iya zama a gidana, ni zan je in zauna a nata. Ki haɗa mini kaya."

Na tambaye ta kayan kwana nawa. Ta ce in dai haɗa.

To kin yi nasara, ke da jirginki. Ki zo ki ɗauke ta da kanki, don ba zan miƙa ta ga ma'aikatan da ba su san ta ba, ni kuma ba ta ce in biyo ta ba. Na jira ta ce, ba ta ce ba. Ki zo da safe ki koma da yamma yadda kika saba, ba wanda zai ƙirga miki komai wannan karon.

Maganin ɗigawa na cikin ƙaramar jaka, na ɗaura masa zare ja don kada a haɗa shi da na kunne. Ba ta shan ruwan sanyi. In ta ce ta ƙoshi, ba ta ƙoshi ba, a ƙara mata kaɗan a yi kamar ba a ji ba.

Yayarki.

*

Yaya Malama,

Albishirinki. An yi aiki, an cire bandeji, Gwaggo na gani. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya canja. Ya ɗaga mata yatsu ta ƙirga, sannan ta ce masa rigarsa na da tabo a wuya. Daga nan ta juyo ta kalle ni, ta daɗe, ta ce ashe na yi furfura ina ɓoyewa.

A jirgi kuwa ba ta ji tsoro ba ko kaɗan. Da aka sauka ta tambaye ni ko an fasa tafiyar ne.

Sai dai Yaya, tun da idon ya buɗe ban huta ba. Ta ga ƙura a saman firij. Ta ga siket ɗin babbar 'yata. Ta ga lokacin da maigidan ke shigowa, ta kuma tambaye shi daga ina. 'Yar aikina ta ce in ba a yi wani abu ba za ta tafi. Ɗakin karatun yara muka ba ta, yanzu a teburin cin abinci suke aikin makaranta, tana zaune a kansu tana gyara musu zama. In na ce zan fita taro sai ta ce ba komai, tana nan, in na dawo na same ta. Kuma tun ranar da ta sauka salla cikakkiya take yi, a zaune kan kujera saboda an hana ta sunkuyawa, tana ɗaga murya a kowace kabbara don in ji daga ɗakina.

Likita ya ce nan da mako biyu za ta iya tafiya. Na san gidan ya yi miki faɗi, kuma ke kika san hannunta. Yaushe zan kawo ta? Ko in aiko miki da tikiti ki zo ku koma tare, kya ga gari.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na ajiye takardar na yi sujada, gwiwar ma ba ta yi gardama ba. Allah ya saka wa likitan, ya saka miki. Kin yi abin da ban iya ba, na faɗa, kuma ba zan sake faɗa ba, don haka ki adana takardar nan.

Sauran bayanin naki na karanta wa matan makaranta wani ɓangare, ban da na maigidan. Sun ce a gaida Gwaggo, a kuma gaya mata ta duba bayan firij ɗin ma.

Kin tambaye ni yaushe. Ba ni na kai ta ba, ba ni zan sa ranar dawowa ba. Tana da baki, yanzu kuma tana da ido. Ki zauna a gabanta ki tambaye ta, in kin samu sarari tsakanin taro da taro. Amma don kada ki wahalar da kanki: shekaranjiya ta sa 'yarki ta kira ni a waya. Ba ta tambayi lafiyata ba sai daga ƙarshe. Cewa ta yi in ba direba babban akwatinta, da buta mai murfi, da katifarki, wai ta ga wadda kika ba ta, ta baƙi ce. Suna cikin motar da ta kawo miki wannan. Ki sa a taya shi saukewa, akwatin da nauyi.

Tikitin ki bar kuɗinki. Ina da masu karatu, kuma ba a kira ni ba.

Abu ɗaya nake roƙo. A cikin ambulan ɗin nan akwai hoto, na naɗe shi a farar takarda. Na je shagon mai hoto na bakin titi, ni da ban taɓa yarda an ɗauke ni ba tun na katin shaida. Ya ce in yi murmushi, na ce ya dai ɗauka. Ba naki ba ne, kada ki liƙa shi a jikin firij.

Lokacin da na dawo gidan nan idonta ya riga ya fara rufewa. Duk shekarun da na yi ina yi mata wanka, ina yanke mata farce, muryata ta sani da tafin hannuna. Fuskar da ta sani tawa ta wata mace ce mai ƙiba da ke zuwa gaishe ta da miji.

Ki bari sai da rana, ta ci abinci, an ɗiga mata magani. Ki kai ta kusa da taga ki miƙa mata. Kada ki ce mata ko wace ce. Abin da ta faɗa ki rubuto mini yadda ta faɗe shi, ko da cewa ta yi ba ta san matar ba. Kada ki gyara.

Wassalam.

Yayarki.